Shirun da Aka Nema wa Malam Ɗantani

A lungun su Sa'adiyya, cikin Soron Ɗinki, akwai injin markaɗe guda biyu, da mai walda ɗaya, da janareta a kusan kowane gida. Ga 'yan adaidaita sahu da ke kutso kai inda ko mai kura sai ya karkace kafin ya wuce, suna danna hon kamar an aiko su. Duk wannan ba a taɓa kiran taro a kansa ba. Abin da aka tara dattawan gida a kai, aka shimfiɗa darduma a zaure, aka yi ta gyaran murya, shi ne wata 'yar fanka da faɗinta bai kai murfin kwalbar man shafawa ba. Laifinta ɗaya ne, a jikin injin mace take.

Sa'adiyya ita ce 'yar farin Malam Ɗantani tela. Wanda ya tashi a cikin birni ya san abin da hakan ke nufi. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zaman hira da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Kunya ce da aka gada. Iyayen yanzu da yawa sun sassauta, amma Malam Ɗantani bai sassauta ko kaɗan ba. Ana yaye ta aka miƙa ta ɗakin yayarsa, wadda kowa a gidan ke kira Gwaggo, shi kuwa in ambatonta ya kama sai ya ce "'yar Gwaggo". Shekara talatin da shida sunanta bai taɓa fita daga bakinsa ba. In ruwa yake so ta kawo, Gwaggo zai gaya wa, ko da yarinyar na tsaye a gabansa da moɗa a hannu.

Shagonsa a cikin gidan yake, bango ɗaya da ɗakin kwanansa. Ɗinki yake yi, amma abin da ya fi yin suna a kai shi ne kunne. Teloli daga Kasuwar Kurmi da Ƙofar Nassarawa sukan ɗauko kan keke su kawo masa, ba ya ma buɗewa, sai ya ce, "Taka in ji." Ana takawa sau uku zai faɗi inda ciwon yake, ko ƙoshiya ce ta ci, ko allura ta karkace, ko mai kawai keken yake nema. Sa'adiyya tun tana 'yar shekara shida take maƙalewa a bayan ƙyauren shagon tana tsintar ƙyalle. Bai taɓa juyowa ya koya mata komai ba. Sai dai duk ranar da take bayan ƙyauren, bayaninsa ga mai keke yakan yi tsawo fiye da kima, ya ɗaga murya, ya maimaita, har mai keken ya fara tunanin ko an ɗauke shi daƙiƙi ne.

Tana da shekara goma ta kwance agogon bangon Gwaggo da wuƙar yankan kuɓewa. Ta sha faɗa har ta gode Allah. Washegari da safe aka tarar da 'yar sukudireba mai jan mariƙi a bakin ƙofar Gwaggo, ba wanda ya ce shi ya ajiye. Ba ta tambaya ba, ta ɗauka, har yau tana cikin jakarta.

Ta yi karatu har kwalejin fasaha, ta fito ta kama koyar da zanen injuna a wata makarantar 'yan mata. Ta auri Mustapha, wani mai sayar da turare ɗan asalin Borno, mutum mai sanyin hali da ba ya jin haushi in ya dawo ya tarar an kwance masa rediyo. Shekararsu shida ciwon ajali ya same shi. Da ta fita takaba ta dawo gidan ubanta, ta tarar da shi ba yadda ta bar shi ba. Ciwon ido ya cinye ganin Malam. Kekensa na kusurwar shago an lulluɓe shi da zane. Ragamar gida kuwa ta koma hannun ƙaninsa, Alhaji Ɗanbaba mai shadda, wanda tun da ya samu wannan matsayi tafiyarsa ma ta canza.

Ba ta zauna jiran a tausaya mata ba. Ta sayar da gadonta na aure da kujeru, ta sa sola a kan rufi, ta sayi wani inji da ba a taɓa ganin irinsa a lungun ba. Firinta ne, amma ba takarda yake bugawa ba. Zaren roba yake ja daga kan kwarkwaro, ya narka shi a wani siririn baki mai zafi, ya riƙa shimfiɗa shi layi bisa layi har abu ya tashi a tsaye, wanda za ka ɗauka a hannu ka juya. Ta kafa shi a tsohon shagon Malam, a kan tebur, jingine da bangon ɗakinsa.

Abin da take yi da shi ba wasa ba ne, ko da yake Alhaji Ɗanbaba "kayan wasan nan" yake kiransa. Matan cikin birni masu ɗinki a gida da yawa kekunan lantarki gare su, tsofaffi, kuma a cikin kowanne akwai wani ɗan zobe na roba mai haƙora. In ya tsage, keke ya mutu, domin an daina kawo irinsa tuntuni. Sa'adiyya takan karɓi fasasshen, ta auna, ta zana a kwamfuta, injin ya fitar da sabo. Mata nawa ne a Soron Ɗinki suka koma ɗinkin sallah saboda ita, ba wanda ya taɓa kiran taro don a lissafa.

Injin yana da fankoki huɗu. Mafi ƙanƙantarsu ita ce mafi naci, don ita ke hura wa maƙogwaron da zaren ke bi iska, kada zafi ya hau sama ya narka shi tun bai iso baki ba. Muddin injin na kunne tana juyawa. Shekara biyu tana wani ɗan kuka siriri wanda kowa ya saba da shi. A bazarar shekara ta uku sai muryarta ta fara dishewa, tana haɗawa da 'yar ƙara kamar ta gyare.

Wata Alhamis Sa'adiyya ta dawo daga makaranta, Gwaggo ta tare ta tun ba ta cire hijabi ba.

"Ɗantani ya yi maganar injinki," in ji ta. "Ya ce kwana uku ke nan yana jin sa har ɗakinsa."

"Me ya ce, Gwaggo?"

"Abin da na gaya miki. Na dai faɗa wa Ɗanbaba, ya ce zai duba."

Sa'adiyya ta san irin dubawar Baffanta.

Washegari bayan la'asar aka yi taron. Alhaji Ɗanbaba ya zauna a tsakiya, da wasu dattawa biyu na gidan a gefe, aka kira ta ta durƙusa daga bakin ƙofar zaure. Malam Ɗantani, wanda aka ce don shi aka taru, yana ɗakinsa, taku goma sha biyar daga wurin. Ba wanda ya leƙa ya tambaye shi. Wai ba a wahalar da babba.

"Sa'adiyya," in ji Alhaji, "mun yi miki kawaici ya isa. Yaya ba ya samun ko ƙailula. Mutumin da Allah ya jarrabe shi da ido, kunne kaɗai ya rage masa, shi ma sai kin cinye?"

"Baffa, fankar ce ta ɗan..."

"Ban tambaye ki sunan abin ba. Juma'a mai zuwa, in an sauko daga masallaci, zan tsaya a ƙofar ɗakin Yaya. In na ji ko da numfashin abin nan, zai bar gidan nan. Shagon ma ai ba a rasa abin yi da shi ba."

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce gaskiyar taron, kuma duk wanda ke zaune ya sani. Watanni ke nan Alhaji na tsayawa a ƙofar shagon yana auna shi da ido, yana ganin bandir nawa na shadda zai ci. Dattawan biyu suka gyaɗa kai, ɗaya ma ya ce Allah ya yi wa Alhaji albarka da kula da zumunci. Suna wannan magana janaretan Alhajin na tsakar gida yana ruri don firjinsa kada ya huce, sai da kowa ya ɗaga murya kafin a ji shi.

Ta tashi ranta a ɓace. In injin ya bar gidan ba ta da inda za ta kai shi, solarta a kan rufin nan take, kuma mata masu kawo mata aiki gidan malaminsu na ɗinki suke shigowa ba tare da an tambaye su ina za su ba. Amma ba wannan ya fi cin ta ba. Abin da ya tsaya mata a ƙirji shi ne a ce shekara biyu tana cutar da mahaifinta ta bayan bango, yana haƙuri, har sai da abin ya fi ƙarfinsa. Ta wuce ƙofar ɗakinsa, ta rage tafiya, ta ji motsin carbinsa. Wata 'yar za ta shiga ta ce, "Baba, da gaske ina damunka?" Ita ba ta san ta inda ake fara irin wannan magana da shi ba. Ta gaishe shi daga waje kamar kullum, ya amsa wa iska kamar kullum, ta wuce.

Ta san ɗigon mai ɗaya zai mayar wa fankar da muryarta ta da. Amma ba muryar da aka nema ba, shiru aka nema, don haka ko kwalbar mai ba ta duba ba.

Gwaggo ce ta fara kawo nata taimakon, kuma da zuciya ɗaya. A gidan nan duk abu mai daraja yana da riga. Talabijin na da riga, firji na da riga, keken Malam na da tasa. Ranar Lahadi Sa'adiyya ta sa aikin awa bakwai ta tafi duba wata ƙawarta da ta haihu. Gwaggo ta ɗauko bargonta mai kauri na aikin hajji, ta lulluɓe injin ruf, ta cusa gefuna da kyau, ta koma ta kasa kunne, ta ji lallai ƙara ta ragu. Da Sa'adiyya ta dawo warin roba ne ya tare ta. Ta yaye bargon ta tarar zaren ya toshe a maƙogwaro, aikin kuwa ya zama wani curi kamar taliyar da ta kwana a tukunya.

"Ai kin ji ya yi shiru," in ji Gwaggo daga bayanta.

"Ya yi, Gwaggo. Saura kaɗan ya yi na har abada."

Matar da ta goye ka ba a yi mata faɗa a kan zaren roba. Sa'adiyya ta zauna ta kwance maƙogwaron da 'yar sukudirebarta mai jan mariƙi, hawaye na zubo mata, na haushi ba na komai ba.

Ranar Litinin ta rage wa fankar gudu. Ƙara ta ragu, amma a zafin bazarar Kano wannan ganganci ne, kafin azahar zaren ya sake laushi ya toshe. Nan ta gane cewa 'yar fanka ba za ta ba da iska mai yawa ba sai da gudu, gudu kuwa shi ne ihun. Abin da take buƙata babba ce mai juyawa a hankali. Talata ta shiga wajen masu gyaran kwamfuta tana neman fankar matacciyar kwamfuta. Na farkon da ta tsaya wajensa ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, ki turo mai gyaran naki, shi zai fi sanin wadda yake so." Ta faɗa masa faɗin da take so da ƙarfin wutar da take ci, ta ce ya juya ta a kusa da kunnenta kafin ta karɓa. Ta mayar masa da uku, ta ɗauki ta huɗu.

Sabuwar fankar ta ninka mazaunin tsohuwar, don haka sai da ta zana mata wani mazurari da zai tattara iskar ya kai ta maƙogwaro. Injin da kansa ya fitar da shi. Awa uku ta bar shi yana ihunsa yana gina abin da zai rufe masa baki, ita kuwa tana zaune tana kallon bangon ɗakin Malam tana jin kamar ta nutse. Sauran fankokin ma ba ta ƙyale su ba. Ta wanke musu datti, ta yanke ragar ƙarfen da iska ke karo da ita tana fito, ta yanko tsohon tib na tayar keken hawa ta sa tsakanin kowace fanka da jikin injin. Ta janye teburin daga bango. Ta samo faffaɗan dutsen siminti ta ɗora a kan soson tsohuwar katifa, ta ɗora injin a kai. Tsohuwar 'yar fankar kuwa ta jefa ta cikin gwangwanin kusoshi.

Ranar Alhamis da hantsi ta kunna. Sai da ta jiƙa yatsa ta kai bakin mazurarin kafin ta yarda fankar na juyawa. Ta fita ta tsaya a ƙofar ɗakin Malam, ba ta ji komai ba sai kukan tattabarun maƙwabta. Aiki ne da duk wani mai gyara a Kano zai yi alfahari da shi. Ta ji daɗi, ta ce a ranta ko ba komai yau Malam zai yi ƙailula.

Juma'a Alhaji Ɗanbaba ya iso da babbar riga da ƙamshi, ya tsaya inda ya ce zai tsaya, ya karkata hula ya kasa kunne. Ya daɗe.

"Kashe shi kika yi."

"Yana aiki, Baffa. Bismillah."

Ya leƙa shagon ya ga bakin injin na kai da komo, zobe mai haƙora na tasowa. Ya dubi bangon shagon irin kallon da ake yi wa abincin da aka ɗauke daga gabanka.

"To, kin dai ga amfanin a yi magana," in ji shi, ya kaɗa riga ya tafi.

Da a nan abin ya tsaya da an ce ta yi nasara. Amma tun ranar Alhamis kwanon abincin Malam ke dawowa kusan yadda aka kai shi. Gwaggo ta ce zafi ne.

Asabar da safe Sa'adiyya na shago ta ji sanda na bugun ƙasa. Malam Ɗantani, wanda aka shekara ba a ga ya fito tsakar gida ba sai an riƙe shi, ya fito shi kaɗai yana laluben bango.

"Ɗanbaba," ya kira. Bai ɗaga murya sosai ba, amma har matan da ke wanke-wanke suka tsaya. Alhaji ya fito da kofin shayi a hannu. "Wa ya fitar da injin 'yar Gwaggo daga gidan ubana?"

"Yaya, ai ba a fitar ba. Gyara shi aka yi don ka samu hutu. Kai ne ka ce yana damunka."

"Ni? Yaushe na ce maka haka? Ka zo ka tambaye ni?" Ya juya inda yake jin numfashin Gwaggo. "Yaya, me na ce miki?"

"Ka ce kwana uku kana jin sa."

"Na ce muryarsa ta canza, kwana uku ina jin sa. Ƙarfen tsakiyar fankar ne ya bushe, mai yake so, ɗigo ɗaya. Na lallaɓa na ajiye kwalbar man kekena a bakin ƙofarki tun ranar."

Gwaggo ta dafe ƙirji. Ta ga kwalbar, ta ɗauka wani ne ya yar, ta ɗora ta a saman kabad don kada a taka.

Sa'adiyya na tsaye a ƙofar shago, 'yar sukudireba a hannunta.

"Shekara bakwai ke nan kekena bai yi magana ba," in ji Malam. "Ina kwance a ɗakin nan ban san rana ta fito ko ta faɗi ba. Da kukan abin nan nake sanin ana aiki a shagona. Da shi nake sanin an dawo daga makaranta lafiya. In ya daɗe yana yi, na san an samu aiki mai yawa, in yi hamdala. Kwana biyu ina sauraro, shiru. Na ce shi ke nan, sun raba ta da shi, ni kuwa ina kwance ban tare mata ba."

Alhaji ya duba cikin kofinsa kamar akwai abin karantawa a ciki. Kwana takwas aka sa mace ta hana kanta sukuni, ta ƙona yatsu, ta sha raini a kasuwa, don ta ƙwace wa mahaifinta abu ɗaya tilo da take ba shi kullum ba ta sani ba. Kuma duk da sunan tausayinsa aka yi.

Gwaggo ta kama hannun ƙaninta ta shigar da shi shagon. Sa'adiyya ta matsa gefe. Ya lalubi teburin, ya taɓa dutsen, ya danna soson, ya bi jikin injin da yatsu har ya iso bakin mazurarin, iska ta taɓa tafin hannunsa. Ya tsaya haka jim kaɗan. Tana kusa da shi har tana jin ƙamshin sabulun rigarsa, amma injin ya fuskanta ya yi wa magana.

"A gaya wa mai abin nan aiki ya yi kyau. Ni kaina ba zan iya haka ba." Ya janye hannunsa daga bakin mazurarin. "Sai dai ba na ji."

Gwaggo ta mayar da shi ɗaki. Sa'adiyya ta sauko da kwalbar man daga saman kabad, ta zazzage gwangwanin kusoshi ta tsamo tsohuwar 'yar fankar. Ta ɓare takardar bayanta, ta ɗiga mai sau ɗaya, ta juya ta da yatsa. Ta ɗaure ta a gefen injin, ta haɗa mata waya, ta tura teburin ya koma jikin bango. Siririn kukan nan na da ya tashi, babu dishewa.

Ba a jima ba ta ji muryarsa ta bayan bangon yana ce wa Gwaggo in akwai sauran koko a kawo masa.

Fankar tana nan har yau, ba ta hura wa komai iska. Masu sanin inji in sun shigo sukan tambaye ta amfaninta, wasu har su ba ta shawarar ta cire don ita kaɗai ce ke ƙara a jikin injin. Sai ta ce musu a bar ta, ta Malam ce.